Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga gwamnonin Arewa maso Yamma: yaran da harsashi bai taɓa ba

Masu girma gwamnonin Jigawa, Kaduna, Kano, Katsina, Kebbi, Sakkwato da Zamfara,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku da aiki, tare da addu'ar Allah Ya taya ku riƙon wannan amana mai nauyi.

Ni malamar asibiti ce, ina jinya a ɗakin da ake kwantar da yara masu tamowa, a ɗaya daga cikin garuruwanmu da 'yan gudun hijira suka cika makarantunsa da kangayensa. Aikina bai wuce awon dantse, ɗora yaro a sikeli, dama madara, da zura robar hanci ga wanda ya kasa haɗiya ba. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami wani ciwo ne da nake gani kullum a idon yaran nan. Sikelina ba ya auna shi, fom ɗin da muke cikewa kuma ba shi da gurbinsa.

Kwanakin baya wata tsohuwa ta kawo jikarta, ba za ta wuce shekara 3 ba, ƙafafu sun kumbura, gashi ya yi ja ya kwanta. An harbe uban a gona, an kora uwar daji tare da wasu matan garin. Muka ba ta gado, kumburi ya saɓe, muka sallame su suna dawowa mako-mako karɓar abincin tamowa. Cikin wata biyu awon dantsenta ya bar ja, ya wuce rawaya, ya shiga kore. Da hannuna na rubuta a rajista cewa ta warke. Amma duk tsawon wannan zirga-zirga ban taɓa jin muryarta ba. Ko allura aka yi mata sai dai ta runtse ido. Matan da ke layi har yabonta suke yi: "Kai, yarinyar nan akwai haƙuri, ba ruwanta da rigima." Rannan wani ɗan acaɓa ya shigo harabar asibiti a guje ɗauke da mai naƙuda. Kafin ya taka birki yarinyar ta faɗa ƙarƙashin benci, ta sandare, fitsari na bin ƙafarta. Da ƙyar muka ɓamɓaro yatsunta daga ƙafar bencin. Kakar ta ce, "Haka take tun ranar, Malama. Mun karɓo rubutu, an yi hayaƙi, an ce iska ce ta shafe ta. To, yarinya ce, in ta girma za ta manta."

Ranku ya daɗe, wannan magana ta ƙarshe ita ce nake roƙon mu daina jingina da ita. Dukanmu da ita muka tashi: yaro bai san komai ba, yaro ba ya riƙo. Mai yiwuwa ne in ta girma ba za ta iya ba da labarin ranar ba. Jikinta kuwa yana ba da shi duk sanda babur ya yi ƙara.

Allah Ya halicci ɗan Adam da shirin tsira. Haɗari na tasowa jiki zai saki sinadarai irin su adiranalin da kotisol, zuciya ta ƙara bugu, numfashi ya hau, sukari ya kwararo cikin jini, gaɓoɓi su shirya wa gudu ko kokawa. In haɗarin ya wuce komai sai ya lafa. Kamar wutar girki ce, a hura, a dafa, a janye itace. Jaririn da aka yi wa allurar rigakafi ya tsala ihu, uwa ta rungume shi ta ba shi nono ya yi shiru, wannan ƙaruwa ya yi, don jikinsa ya koyi cewa tsoro na zuwa kuma yana wucewa. Ko babban tashin hankali ne, rasuwar uba ko gobara, yaro na iya ɗauka muddin akwai babban da ke riƙe da shi. Ɓarnar tana zuwa ne in wutar ta ƙi mutuwa: yau kwanan daji, gobe gudu, jibi yunwa, ga tsawa da duka a tsakani, kuma babu ƙirjin da zai faɗa ya ji sanyi. Tukunyar da ba a saukewa ƙonewa take yi. Masana tasowar yara na Jami'ar Harvard, bisa jagorancin likitan yara Jack Shonkoff, sun raɗa wa wannan hali sunan da ni nake kira fargaba mai guba, kuma a 2012 ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta fitar da matsaya a kansa. A shekarun farko ƙwaƙwalwar yaro na ƙulla mahaɗai sama da miliyan 1 a kowace daƙiƙa, kuma a kan abin da ta fi yawan gamuwa da shi take ginuwa. In tsoro ne abincinta, sashen da ke gadin haɗari sai ya yi kaifi fiye da kima, sassan da ke riƙe karatu, tattara hankali da danne fushi su tashi da rauni.

Shi ya sa shirun da muke yabo yake ba ni tsoro. Yaro yana kuka ne don ya san za a zo. Wanda ya yi ta kira ba a amsa ba, wata rana sai ya daina. A ɗakinmu, yaron da ke ihu yana ture hannuna bai cika hana ni barci ba. Wanda ke kwance yana kallon silin, ƙuda ya sauka a leɓensa bai kore ba, shi nake tafiya gida da shi a zuciya.

Abin ba ya tsayawa a ƙuruciya. Tsakanin 1995 da 1997, a birnin San Diego na Amurka, likitoci biyu, Vincent Felitti na asibitocin Kaiser Permanente da Robert Anda na hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar, sun tambayi manya sama da 17,000 abin da suka gani kafin su cika shekara 18: duka, zagi da wulaƙanci, lalata, rashin kulawa, ganin ana dukan uwa, zama da mashayi ko mai taɓin hankali, rabuwar iyaye, ɗaure wani na gida. Mutane ne masu rufin asiri, yawancinsu sun yi karatu, suna da inshorar lafiya. Duk da haka kusan biyu cikin uku sun ɗanɗani aƙalla ɗaya daga cikin waɗannan, kusan ɗaya cikin takwas kuma sun haɗa huɗu ko fiye. Da aka gwada amsoshin da lafiyarsu, sai aka ga duk yadda wahalar ƙuruciya ta yawaita, haka ciwon zuciya, na hanta, na huhu, shaye-shaye da ciwon damuwa suke yawaita a girma. Masu huɗu ko fiye sun ninka waɗanda ba su ga komai ba wajen sau 12 a yunƙurin kashe kai. A cikin tambayoyin nan babu ƙona gari, babu kuɗin fansa, babu kwana a kan dutse da jariri an toshe masa baki kada ya yi kuka.

Mu kuwa namu lissafin kun san shi. Binciken da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta yi da UNICEF a 2014 ya nuna yara 6 cikin 10 a Najeriya suna gamuwa da wani nau'in cin zarafi kafin shekara 18, kuma yarinya 1 cikin 4 da yaro 1 cikin 10 an yi lalata da su. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya ce kashi 37 cikin 100 na yara 'yan ƙasa da shekara 5 sun tsumbure, a shiyyarmu kuwa kashi 57. A kan wannan aka ɗora satar 'yan makaranta: Ƙanƙara a Disamba 2020, ɗalibai sama da 300. Jangebe a Fabrairu 2021, 'yan mata 279. Islamiyyar Tegina ta maƙwabtanmu na jihar Neja a Mayu 2021, inda har 'yan ƙananan da ba su daɗe da fara zuwa makaranta ba suka yi kusan wata uku a daji. Kuriga a Maris 2024, yara 137 da aka dawo da su. Waɗannan su ne suka shiga jarida. Ƙannensu da ke goye a baya ranar da aka gudu, da waɗanda iyayensu suka tsallaka da su jihar Maraɗi, babu mai ƙirga su cikin waɗanda aka raunata, tunda ba su zubar da jini ba.

Akwai maganar da ba ta da daɗin faɗa, amma zan faɗa. Wannan masifa ta soma ƙamari a Zamfara tun wajen 2011. Yaron da yake tatata a lokacin yau saurayi ne, kuma da yawa daga masu rataye da bindiga a bayan babur ba su wuce sa'anninsa ba. Yaran ruga ma sun ga an ƙona bukkokinsu, an kashe iyayensu, an kore shanunsu. Ba ina wanke wa kowa laifi ba ne. Wanda ya kashe rai ya fuskanci shari'a. Abin da nake cewa shi ne fargaba ba ta tambayar yaro ƙabilarsa, kuma yaron da ya tashi bai san komai ba sai tsoro da ramuwa, shi ne mafi sauƙin ɗauka ga mai neman wanda zai riƙe masa bindiga. Duk kuɗin da kuke zubawa a tsaro, in aka bar 'yan shekara 3 na yau a haka, magadanku za su sake zuba irinsa.

Ba na so a fahimce ni cewa yaran nan sun lalace ke nan. Alƙaluman San Diego haɗari suke nunawa, ba su yanke wa kowa hukunci ba, kuma na ga yaran da suka farfaɗo har na manta yadda suka zo. Masu binciken juriyar yara sun daɗe suna komawa kan abu guda: yaron da ya sha wuya ya tashi da ƙafarsa, kusan kullum za a tarar akwai aƙalla babba ɗaya da ya tsaya masa, bai gushe ba. Mu Musulmi wannan darasi yana cikin tarihin da muke koya wa yara a Islamiyya. An haifi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, babu uba. Mahaifiyarsa ta rasu yana da shekara 6, a kan hanya, Ummu Aiman ta riƙo shi zuwa Makka. Kakansa Abdulmuɗɗalib ya karɓe shi yana zaunar da shi a kan shimfiɗarsa, da ya rasu yana da shekara 8 sai Abu Ɗalib da matarsa Faɗima 'yar Asad suka rungume shi. Allah ne Ya tsare shi, kuma a cikin hikimarSa bai bar shi rana ɗaya babu hannun da ke riƙe da shi ba.

Gidan Bahaushe ma haka aka gina shi. Yaro na da goyon uwa, da gwaggo, da kishiyar uwa, da kakar da ke kiransa mijinta tana tsokanarsa, da tatsuniya bayan sallar isha, da dandali. Ko kunyar ɗan fari da muke yi, inda uwa ba ta kiran sunan ɗanta ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta cutar da yaro a gidan da kaka da gwaggo suke cike gurbin. Gudun hijira wannan ginin yake rushewa. Yanzu sai ka ga yarinya 'yar shekara 16 ita kaɗai a kango da ɗan farinta, miji ya mutu, dangi sun watse, ita kuma har yanzu kunyar ɗan take ji. In na ce, "Ki yi masa magana mana, ki dube shi," sai ta sunkuyar da kai ta ce, "Me zan ce masa, Malama? Ai bai san magana ba." Wata kuma ba kunya ba ce, zuciyarta ce ta mutu. Ba ta barci, ba ta cin abinci, tana zaune yaro na tsotson nono ita tana kallon bango. Uwar da ke cikin wannan hali ba za ta iya kashe wutar da ke jikin ɗanta ba, tata ma ci take yi.

Don haka roƙona na farko a kan ɗakunan tamowa yake, inda yaran suke zuwa da kansu ba sai an nemo su ba. Cikin matakai 10 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta shimfiɗa na jinyar tamowa mai tsanani, na 9 shi ne wasa da yaro da kwantar masa da hankali. Shi ne matakin da ake fara yarwa in gadaje sun cika ma'aikata sun yi kaɗan, kuma ni ma na sha yar da shi ina sane. Ga abin da ake asara. A 1986, a unguwannin talakawa na Kingston ta ƙasar Jamaika, likita Sally Grantham-McGregor da abokan aikinta sun ɗauki tsumburarrun yara 129, 'yan wata 9 zuwa 24. Wasu aka riƙa ba su madara, wasu kuma ma'aikaciyar lafiya ta unguwa ta riƙa zuwa gidansu awa ɗaya a mako har shekara biyu, tana nuna wa uwa yadda za ta yi wasa da hira da ɗanta, da kayan wasan da aka haɗa da tarkacen gida. Bayan shekara 20 aka bi sawunsu. Amfanin madarar ya dushe, amma waɗanda aka yi wa wasa suna samun kuɗin shiga da ya ɗara na sauran da kashi 25 cikin 100, har sun kamo sa'anninsu da ba su taɓa tsumburewa ba. Kowane ɗakin tamowa da kowace cibiyar raba abinci a jihohinku ta samu tabarma, da gwangwanaye da murafen robobi, da mace ɗaya wadda aikinta ke nan ba wani ba, a kuma riƙa biyanta alawus a kan kari.

Na biyu, uwa. Likitocin ƙwaƙwalwa a ƙasar nan 'yan ɗaruruwa ne ga mutum sama da miliyan 200, kuma matar da ke kango ba ta da kuɗin motar zuwa asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa ko na Kware. Ko tana da shi ba za ta je ba, don kada a ce ta haukace. Amma tana zuwa awo, tana kawo yaro rigakafi. A ƙauyukan Rawalpindi ta Pakistan, ƙasar Musulmi masu kulle irin namu, an horar da matan da ke aikin lafiya gida-gida su riƙa zama da masu cikin da ke fama da ciwon damuwa suna saurarensu suna ba su shawara. Wata shida bayan haihuwa, kashi 23 cikin 100 ne suka rage da ciwon, a inda ba a yi hakan ba kuwa kashi 53. Muna da ungozomomi, muna da ma'aikatan CHIPS, shirin masu wayar da kai kan lafiya a cikin al'umma da aka ƙaddamar a 2018, muna da asusun lafiya a matakin farko da dokar lafiya ta 2014 ta kafa, ga kuma dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairu 2023 ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958. Abin da ya rage shi ne umarni daga gare ku cewa a ranar awo, bayan an auna jini da nauyi, a tambayi mace, "Yaya barci? Yaya zuciyarki?" kuma wadda ta yi tambayar ta san abin yi in aka fashe mata da kuka.

Sai makaranta. Yaron da ya tashi da fargaba mai guba, a aji ba ya zama wuri ɗaya, ko kuma ya zauna kamar ba ya nan. Ana biya masa yana mantawa, a taɓa shi kaɗan ya kai naushi, ga fitsarin kwance. Sunansa a wurinmu daƙiƙi ko mai taurin kai, maganinsa kuma bulala, wato a ƙara itace a wutar da ake so ta mutu. Malaman ba mugaye ba ne, ba a taɓa gaya masu ba ne. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta haɗa da karatun 'yan ƙanana, kuma kashi 5 cikin 100 na tallafin UBEC, hukumar ilimin bai-ɗaya ta tarayya, nasu ne. A fitar da kason jiha a karɓo shi, a sa wani abu daga ciki a horar da malaman ajin share fage da na aji ɗaya a ƙananan hukumomin da abin ya shafa, a gayyato malaman Islamiyya da na allo su zauna a benci ɗaya da su, don yaran da yawa a hannunsu suke. Limamai kuma su taimaka mana a huɗuba. Da Aƙra'u ɗan Habis ya ga Annabi ya sumbaci jikansa Hasan, ya ce shi 'ya'yansa goma bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba, amsar da ya samu ita ce wanda ba ya jin ƙai ba za a ji ƙansa ba. Magidanta da yawa ba su taɓa jin an karanto masu wannan a matsayin magana a kan 'ya'yansu na cikinsu ba.

Na san in aka ce marayu, abin da ke fara zuwa zuciyar mai mulki shi ne gini. A Bukares ta Romaniya an bi yara 136 na gidajen marayu tun daga farkon shekarun 2000, aka mayar da rabinsu hannun iyalai, kuma waɗanda aka mayar kafin su cika shekara 2 su suka fi farfaɗowa a basira da mu'amala. Kuɗin bulo da kwano, in aka raba shi wata-wata ga kakanni da gwaggonnin da ke riƙe da marayun, zai hana a tura ɗan shekara 5 almajiranci wani gari don kawai babu tuwon da za a ba shi. Yaran da aka karɓo daga daji kuma, bayan an duba su an ɗinka masu kaya an miƙa su ga iyaye, a sa wanda zai leƙa su bayan wata ɗaya, bayan wata shida, bayan shekara, su da ƙannensu da suka kwana suna jin kukan uwa. Duk wannan ba ya maye gurbin zaman lafiya, kuma kun fi ni sanin nauyin da ke kanku a can.

Ita yarinyar nan, makonnin ƙarshe kafin a rufe katinta na riƙa satar minti goma in zauna da su a ƙasa, ni da kakar, da gwangwanin madara da 'yan duwatsu. In jefa dutse a ciki ya yi ƙara, in miƙa mata. Mako biyu ba ta karɓa ba. A na uku ta karɓa ta jefa, ta dubi kakar, kakar ta tafa mata ta ce, "Kishiyata ta iya!" Da lokacin tashi ya yi na karɓi gwangwanin, sai ta ɓare baki ta yi kuka, kuka sosai har da shure-shure. Kakar ta shiga ba ni haƙuri, ni kuwa hawaye nake sharewa. Na mayar mata da gwangwaninta ta tafi da shi.

Mako na gaba ba su zo ba, don a rajista ta warke. Wata 'yar garinsu ta ce mini sun koma ƙauye saboda damina ta faɗi, tsohuwar na so ta shuka ko gonar bayan gida ce. Uwar yarinyar har lokacin tana daji.

Wassalam.

Taku,
Malamar jinya a ɗakin masu tamowa